Living Single, Girlfriends ko Insecure: wanne ya kamata a fara kallo?

Ƙanwata ta gama bautar ƙasa, ta samu aiki a garin da ba ta san kowa ba sai ƙawayenta biyu na jami'a. Wani dare ta turo mini saƙon murya: "Yaya, dare yana yi mini tsawo, data kuma ba ta da yawa. Cikin shirye-shiryen nan na baƙaƙen Amurka da kike yawan ba ni labari, wanne zan fara?" Na amsa mata da kalma ɗaya, Girlfriends. Sai da na ajiye wayar na ga ban yi mata adalci ba. Abin da ya dace da ni ba lalle ya dace da ita ba, kuma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya zuba kuɗinsa da darensa a kan shiri mai kashi fiye da ɗari. Abin da na rubuta mata washegari shi ne na faɗaɗa a nan.

Shirye-shirye uku ne ginshiƙan wannan fanni, kowanne da zamaninsa. Living Single ya fito a tashar Fox daga 1993 zuwa farkon 1998. Girlfriends ya fara a UPN a 2000, ya koma CW a 2006, ya tsaya a 2008. Insecure na HBO ne, daga 2016 zuwa 2021. Mata baƙaƙen fata ne suka haifi dukkan ukun: Yvette Lee Bowser, Mara Brock Akil, sai Issa Rae wadda ta haɗa hannu da Larry Wilmore. A kowanne akwai lauya cikin ƙawayen, a kowanne ana neman mijin aure ana faɗuwa ana tashi. Masu talla sukan sayar da su a matsayin labarin soyayya, amma wanda ya zauna ya kalla zai ga samarin suna zuwa suna wucewa ne. Alaƙar da ake jin tsoron mutuwarta ita ce ta ƙawayen. Inda ukun suka rabu kuwa shi ne abin da ke faruwa idan kuɗi da matsayin aiki suka shiga tsakanin aminai. Da wannan ma'aunin nake auna su.

A Living Single kuɗi ba ya raba kowa. Gida ne guda a Brooklyn, cikin birnin New York. Mata uku a hawa ɗaya, maza biyu a samansu. Mawaƙiya Queen Latifah ce ta fito a Khadijah James, mai mujallar Flavor, ita ce edita ita ce mai biyan albashi. Sunan kaɗai ya isa ya sa Bahaushiya ta gyara zama, kuma halin ma na babbar yaya ne: ita ke tsawatarwa, ita ke rarrashi, ita kowa ke kai wa ƙara. 'Yar'uwarta Synclaire tana karɓar baƙi da amsa waya a ofishin mujallar, mai zuciya fara ƙal kamar ta yaro. Regine, ƙawar Khadijah tun ƙuruciya a New Jersey, tana sayo wa wani kantin tufafi kaya, kullum da sabuwar hular gashi, kullum da burin auren mai kuɗi. Ta huɗun, Maxine Shaw, lauya ce da suka yi Jami'ar Howard tare da Khadijah. Ba a gidan take ba, amma da wuya a ga kashin da ba ta turo ƙofa ta nufi firij kai tsaye ba. Regine ta yi ta mita, Max ta ci gaba da tauna. A sama akwai Kyle, dillalin hannun jari mai ji da kansa da suturarsa, da amininsa Overton, mai gyaran famfo da wuta na gidan.

Ku lura da wannan haɗin. Dillalin hannun jari da mai gyaran famfo suna kwana gida ɗaya, ba wanda ke raina wani da gaske. Mujallar Khadijah takan shiga matsin kuɗi, Max ta rasa aikinta a babban kamfanin lauyoyi ta koma kare waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya, daga baya har ta ci zaɓen kansila, amma duk abin da ya taso ana kashe shi cikin minti 22, a koma falo a ci gaba da zolaya. Wasan da ke tsakanin Max da Kyle kuwa duk wanda ya taso cikin wasan taubasai zai gane shi nan take: baƙar magana safe da yamma, alhali kowa a gidan ya san inda zancen zai ƙare. Erika Alexander, wadda ta fito a Max, a ganina ita ce gwanar barkwanci a duk shirye-shiryen nan uku. Ko ba ta yi magana ba, yadda take ɗaga gira ya isa.

Akwai wani ciwo da masoyan shirin ba su manta ba. Shekara guda bayan fitowarsa, a 1994, aka fara Friends a NBC: matasa shida a New York, maƙwabtan juna, kamfanin Warner Bros. ne kuma ya shirya duka biyun. Friends ya zagaye duniya, Living Single ya tsaya galibi a gidajen baƙaƙen fata. A 2020 da David Schwimmer na Friends ya ce ya kamata a yi irin shirin nasu da baƙaƙen fata zalla, Erika Alexander ta fito ta tuna masa cewa an riga an yi, kuma nasu ne ya riga nasa. Wannan kaɗai dalili ne na kallonsa. Raunin shirin a zango na biyar yake, wato shekararsa ta ƙarshe: Kyle ya tafi Landan, an kawo wa matan sabon abokin zama, gishirin ya ragu. Zango huɗu na farko su ne shirin.

To me ya sa ban ce wa ƙanwata ta fara da shi ba? Saboda ta shiga shekarun da ƙawance ke fara nauyi, Living Single kuwa ba ya ɗaukar wannan nauyin. Yana nuna ƙawancen da muke fata. Girlfriends yana nuna wanda muke ciki.

A Los Angeles ake yinsa. Joan Clayton, wadda Tracee Ellis Ross 'yar mawaƙiya Diana Ross ta fito a matsayinta, lauya ce mai gidan kanta, mai son tara mutane a kowane biki, mai lissafin shekarunta da yatsa saboda aure bai zo ba. Ƙawayenta uku ne, kuma a nan marubutan suka nuna sun san rayuwa. Maya sakatariyarta ce a ofis. Da rana Joan ce shugabarta, da dare su zauna teburi ɗaya su ci abinci. Maya ta haihu tun tana yarinya, ita kaɗai ce mai miji da ɗa a farkon shirin, ita ce mafi ƙarancin albashi, ita ce kuma mafi kaifin baki. Lynn ta tara digirori har biyar amma ba ta da aikin yi, tana zaune gidan Joan tana cin arziki, ba haya ba cefane. Toni dillaliyar gidaje ce, sun taso tare da Joan a Fresno, ta fito daga gidan talauci ta rantse ba za ta koma ba, don haka duk namijin da ya zo sai ta fara auna aljihunsa. Sai William, lauya abokin aikin Joan, namiji tilo da ke zama cikinsu yana shan zolaya.

Wace ce cikinmu ba ta san waɗannan matan ba? Wadda ta yi karatu har ta gaji amma tana ɗakin yayarta shekara uku. Wadda ta ga wahalar gidansu ta ce ita sai mai mota. Wadda ta yi aure da wuri tana kallon 'yan boko da ido biyu, rabi sha'awa rabi haushi. Da kuma wadda Allah ya buɗa wa, kowa ya rataya a wuyanta, tana bayarwa da hannu ɗaya tana rubuta bashin alheri da ɗayan. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi burge ni a shirin. Ba a mai da Joan waliyyiya ba. Tana da kyauta, amma tana son a san ta yi. Tana son a zo gidanta, a ci abin da ta dafa, a bi tsarin da ta shimfiɗa, in aka kauce ta ji an ci amanarta. Na taɓa zama Joan ga wata ƙawata. Na riƙe ta wata bakwai lokacin da take neman aiki, kuma ban taɓa yi mata gori da baki ba, amma ranar da ta samu aiki ta kama ɗakinta ba tare da ta nemi shawarata ba, sai na ji raina ya ɓaci. Na daɗe ban gane dalili ba. A wannan shirin na ga fuskar abin, na gane cewa na saba da zama wadda ake buƙata.

Joan da Toni su ne ƙashin bayan labarin. Tun kashi na farko Toni ta zo bikin ranar haihuwar Joan riƙe da hannun tsohon saurayin Joan. A ƙarshen zango na ɗaya suka yi ɓatawar da ta kai Joan zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam neman shawara, sai a cikin zango na biyu suka shirya, a coci, Toni tana kuka kamar ranta zai fita. Shiri ne na dariya, da 'yan kallo a zauren ɗauka suna ƙyaƙyatawa, amma a wannan wurin zauren tsit yake yi. Haka suke yi lokaci zuwa lokaci. Akwai kashin da Toni, wadda ita kanta baƙa ce sosai, ta ƙi wani saurayi don ya cika baƙi, ta kuma faɗi dalilinta: ba ta son 'yarta ta sha abin da ita ta sha. Duk wadda ta san kasuwar man bilicin a garuruwanmu ba ta buƙatar a fassara mata wannan. Akwai kuma labarin tsohuwar abokiyar karatunsu da ta dawo ɗauke da cutar ƙanjamau da ta samu daga mijinta, a lokacin da ba kasafai shirye-shiryen barkwanci ke kusantar irin wannan zance ba.

Aikin ma a nan ya fi kama da aiki. Joan tana fafutukar hawa matsayi a kamfanin da manyansa Turawa ne, ta kai inda take nema, sai ta ga ba abin da ranta ke so ba ne, ta ajiye lauyanci ta buɗe gidan abinci, ta sha wuya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Maya ta koma makaranta, ta rubuta littafin ba da shawara, ta fara sayar da shi da kanta. Yadda idon ƙawayenta ya canja a kanta lokacin da ta daina zama "sakatariyar Joan" darasi ne mai zaman kansa.

Dole in faɗi aibinsa, kuma babba ne. Jill Marie Jones, wadda ta fito a Toni, ta bar shirin bayan zango na shida. Marubutan suka rufe labarinta da ɓatawa: Joan ta kasa zuwa kotu ranar shari'ar riƙon 'yar Toni, Toni ta tattara ta koma New York, ba ta sake yi mata magana ba. Zango na bakwai da na takwas suna tafiya ne kamar gidan da aka cire wa ginshiƙi. Sannan yajin aikin marubutan fina-finan Amurka, wanda ya fara a Nuwamban 2007, ya tarar da su tsakiyar zango na takwas, tashar ta dakatar da shirin a Fabrairun 2008 ba tare da kashin bankwana ba. An bar Joan da baiko, saurayin an tura shi yaƙin Iraƙi, shi ke nan. Wanda ba ya jure labarin da ba shi da ƙarshe ya san wannan tun yanzu. Shawarata ita ce a ɗauki ƙarshen zango na shida a matsayin ƙarshen shirin. Yana da ɗaci, amma ƙarshe ne na gaskiya, don haka ƙawance da yawa ke mutuwa: ba da faɗa ba, da rashin zuwa ranar da ake buƙatar mutum.

Insecure kuma fa? Shi ne mafi kyawun gani a ido, ba tantama. An ɗauke shi kamar fim, ba dariyar 'yan kallo, an haska baƙar fata yadda take sheƙi, an nuna kudancin Los Angeles da Inglewood da gidajen abincinsu da itatuwansu, unguwannin da fina-finai suka saba nunawa wurin harbe-harbe kawai. Issa Rae ta fara ne daga YouTube a 2011 da ɗan gajeren shirinta na Awkward Black Girl. Mahaifinta likita ne ɗan Senegal, ta ɗan zauna Dakar tana yarinya. Yvonne Orji, wadda ta fito a Molly, aminiyar Issa a cikin shirin, a Fatakwal aka haife ta, kuma rawar ta kai ta shiga jerin 'yan takarar kyautar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a 2020.

Abin da Insecure ya fi sauran biyun da shi shi ne gaskiyar aljihu. Khadijah tana da mujalla, Joan tana da gida, Issa Dee kuwa, wadda Issa Rae ta fito a matsayinta, ba ta da komai. Ranar da ta cika shekara 29 aka buɗe labarin. Tana aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke taimakon yaran makaranta baƙaƙen fata, alhali ita kaɗai ce baƙa a ma'aikatan, duk tambayar da ta shafi baƙaƙe ita ake juyowa a kalla. Ta shiga aji don yi wa yara bayani, yaran suka rufe ta da tambayoyi: me ya sa take magana kamar Baturiya, me ya sa ba ta yi aure ba. A gida saurayinta Lawrence, mai digiri, ya shekara da shekaru a kan kujera yana cewa yana haɗa wata manhaja, har ya haƙura ya karɓi aikin kanti. Daga baya haya ta fi ƙarfin Issa saboda masu kuɗi sun fara shigowa unguwar, ta koma kwana a doguwar kujerar wani, tana ɗaukar fasinja da motarta ta manhajar Lyft. Abin da ta kasa faɗa wa mutane sai ta shiga banɗaki ta tsaya gaban madubi ta rera shi da salon waƙar gambara. Duk matashin da ya riƙe takardar digiri yana zagaya ofisoshi zai ga kansa a nan fiye da ko'ina.

Molly ita ce lauyar wannan shirin, kuma ta ɓangarenta aka nuna ofis da kyau. Akwai inda aka kawo mata takardar albashin abokin aikinta Bature bisa kuskure, ta ga ya fi ta nesa ba kusa ba, alhali ta fi shi aiki. Akwai inda wata ƙaramar ma'aikaciya baƙa ta zo tana magana da ƙarfi da yaren unguwa, Molly ta ja ta gefe ta ce ta rage, yarinyar ta ƙi, kuma shirin bai gaya wa mai kallo wadda ta fi gaskiya ba. Da Molly ta koma kamfanin lauyoyi na baƙaƙe zalla, tana zaton ta isa gida, sai ta tarar can ma akwai nasa siyasar.

Zango na huɗu shi ne ƙololuwa. An buɗe shi da Issa a waya tana cewa ta daina hulɗa da Molly, sannan aka koma baya wata huɗu ana nuna yadda aka kai ga haka. Ba cin amana, ba ƙwacen saurayi. Issa ta fara tsayawa da ƙafarta, tana shirya babban bikin unguwa, Molly kuma ta samu soyayyar da ta zauna. Wato kowacce ta fita daga gurbin da ɗayar ta saba ganinta. Sai ƙananan abubuwa: kiran da ba a ɗauka ba, zolayar da ta zo da ƙaya, alƙawarin zama a yi magana da aka yi ta ɗagawa. Da Issa ta nemi alfarma wurin saurayin Molly ta bayan fage bayan Molly ta ce a'a, sai tulun ya fashe a tsakiyar bikin, gaban jama'a. Ban taɓa ganin an nuna mutuwar aminci dalla-dalla haka a talabijin ba. Masu kallo sun rabu gida biyu a Twitter a 2020, 'yan Issa da 'yan Molly, ni kuwa kowane mako sai in canja gida.

Ga kuma inda zan ja kunne da babbar murya. HBO tasha ce ta biyan kuɗi, dokokin da suka ɗaure Fox da UPN ba su ɗaure ta ba. A Insecure akwai tsiraici, akwai kwanciya a fili, akwai ashar a kusan kowace jimla, akwai shan wiwi. Ba abin kunnawa a falo ba ne, ba abin kallo kusa da yara ko surukai ba ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta karɓar irin wannan kada ya ce zai daure don labarin, domin abin yana cikin kusan kowane kashi, tsallakewa ba ta raba shi da shi. Sauran biyun ma ba wa'azi ba ne. Duka ukun suna ɗaukar soyayyar da ta wuce iyaka kafin aure da shan giya a matsayin abin yau da kullum, haka rayuwar da suke nunawa take. Bambancin na mataki ne. Living Single habaici ne da rufe ƙofa, babba zai gane yaro ba zai gane ba. Girlfriends ba ya nuna jiki amma bakin matan a buɗe yake, tun kashi na farko ana zancen da ba za ki so mahaifiyarki ta ji ba. Insecure ya cire labulen gaba ɗaya. Ƙanwata na san ta, shi ya sa ban fara ba ta shi ba, ko da yake shi ne ya fi kusa da shekarunta da halin aljihunta.

Maganar data da lokaci ma tana cikin lissafi. Living Single kashi 118 ne, kowanne kimanin minti 22, wato wajen awa 43. Girlfriends kashi 172, wajen awa 63. Insecure kashi 44 kacal na kimanin rabin awa, awa 22 ko sama kaɗan. Amma tsawon bai faɗi komai duka ba. Living Single ana iya tsintar kashi ɗaya daga ko'ina a kalla a yi dariya a kwanta, ko an tsallake goma ba a yi asara ba, kuma tsohuwar ɗauka ce, ko an rage ingancin hoto don tsimin data ba abin da ya ragu. Insecure dole a bi shi a jere, kuma yana da jan mutum: a ce kashi ɗaya, a farga an kira assalatu. Girlfriends yana tsakiya, zangon farko kusan kowane kashi da labarinsa, daga na biyu zaren ya fara ɗaurewa. Ta fuskar Turanci, na Living Single da Girlfriends ya fi sauƙin kamawa don 'yan wasan suna magana ne kamar a dandamali, suna jiran dariya ta lafa. Na Insecure sauri ne da yaren matasan unguwa, sai an kunna rubutun ƙasan allo. Inda ake samun kowanne yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa, a duba manhajar da ake biya kafin a sa rai.

Za a tambaye ni shirin Harlem, na manhajar Prime Video, wanda Tracy Oliver ta ƙirƙira, daga 2021 zuwa 2025. Ƙawaye huɗu ne da suka yi jami'a tare: malamar jami'a ta wucin gadi mai neman a tabbatar da ita, mai zanen tufafi da iyayenta ke tallafa wa, mawaƙiyar da tauraronta ya dusashe, da mai kamfanin manhajar haɗa masoya wadda ita kanta mata take nema, abin da ya kamata mai kallo ya sani tun farko. Tufafi da launuka sun yi kyau, Whoopi Goldberg ta yi kyau a matsayin shugabar sashe mai wuyar sha'ani, amma matsalolin ba sa cizo, buɗaɗɗen zancen kuwa bai gaza na Insecure ba. Run the World na tashar Starz, shi ma a unguwar Harlem ta New York, zango biyu ya yi aka tsayar da shi. Ba zan ba wanda ke tsimin data ko ɗaya cikinsu kafin manyan ukun ba. Wanda kuma yake son irin wannan labari a ƙasar Afirka, akwai An African City na Nicole Amarteifio, wanda ya fito a YouTube a 2014, labarin mata biyar da suka dawo Accra bayan zaman Turai da Amurka, sai dai shi ma bakinsa a sake yake.

Ga yadda na raba wa ƙanwata a ƙarshe. In ta dawo daga ofis a gajiye, shugabanta ya ɓata mata rai, tana son abin da zai sanyaya mata zuciya ko da ƙawayenta na zaune a ɗakin, Living Single, zango na ɗaya zuwa na huɗu. In wata rana ta ga tana iya ɗaukar buɗaɗɗen hoto, ita kaɗai da abin ji a kunne, Insecure yana nan, kuma ko don zango na huɗu ya cancanta. Amma amsata ta farko ban janye ta ba. Ita ce ta fara samun albashi cikin su ukun. Ɗaya ƙawar tana neman aiki har yanzu, ɗayar an sa ranar aurenta. Nan da 'yan watanni wata za ta nemi rance, wata za ta daina ɗaukar waya da daddare, ita kuma za ta fara ƙirga abin da ta yi wa kowa. Na fi son ta ga Joan kafin lokacin.

Ta fara makon jiya. Daren shekaranjiya ta turo saƙo, tana zango na ɗaya kashi na tara: "Yaya, wannan Toni ɗin ba ta da kirki ko kaɗan, me Joan take yi da ita?" Na ce ta ci gaba, mu yi maganar in ta kai wurin cocin.